Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarihin Niyok a Akwatin Talabijin

Ba na jin akwai birnin da mutanen duniya suka sani da ido alhali ƙafarsu ba ta taɓa taka shi ba kamar New York, wanda bakinmu ya sauƙaƙa zuwa Niyok. Ka ɗauki yaro a Maraɗi ko Garwa ko Kumasi, ka nuna masa hoton tasi mai ruwan ɗorawa, da matakalar ƙarfe manne a jikin bene, da tururi yana tashi daga ramin titi, zai gaya maka ko wane gari ne. Wannan sanin daga fim da talabijin ya same shi, musamman shirye-shirye masu dogon zango da ke shigowa ɗakunanmu mako bayan mako har mutum ya ji kamar ya san maƙwabtan gidan.

Abin da nake so mu bi diddiginsa shi ne: da yawa daga cikin fitattun shirye-shiryen da suka koya wa duniya kamannin Niyok ba a Niyok aka ɗauke su ba. An gina titunansu da katako da fenti a Kalifoniya, tazarar kusan kilomita 4,000 daga birnin na gaskiya. Wani zai ce to mene ne a ciki, ai wasa ne. Ni kuwa gani nake inda aka kafa kyamara, da wanda ya biya kuɗin kafa ta, su ke yanke wanda za a gani da wanda za a bari a duhu. A cikin waɗanda aka bari a duhu har da ƴan uwanmu.

A Niyok aka rene shi

Talabijin ɗin Amurka ɗan Niyok ne. Ranar 30 ga Afrilu, 1939, aka buɗe babban baje kolin duniya a yankin Queens, kuma a ranar ce tashar NBC ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai. Shugaba Franklin Roosevelt ya yi jawabin buɗewa, ya zama shugaban Amurka na farko da ya bayyana a akwatin kallo. Eriyar da ta watsa hoton tana can ƙololuwar benen Empire State. Ranar 1 ga Yuli, 1941, aka fara sa talla don kuɗi, kuma tallar farko ta agogon Bulova ce. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da harkar, sai bayan an gama shi, wajen 1947 zuwa 1948, ta miƙe da gudu.

Dalilin da ya sa Niyok ya riga kowa a fili yake. Manyan gidajen rediyo, waɗanda su ne suka rikiɗe suka zama tashoshin talabijin, hedikwatarsu a can take. Kamfanonin talla suna kan titin Madison. Ƴan wasan daɓe kuma ga su nan jibge a Broadway suna neman aiki. Ga shi a lokacin babu na'urar naɗar bidiyo, don sai 1956 kamfanin Ampex ya fito da ita. Saboda haka kusan komai kai tsaye ake yi: in ɗan wasa ya manta magana ko ƙofa ta ƙi buɗewa, ƙasa duka na kallo. Tashar CBS tana da ɗakunan ɗaukar shiri a saman babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, NBC tana cikin ginin Rockefeller, sauran kuma ana hayar tsofaffin gidajen wasa.

Matsin wuri ya haifar da irin labarin da ake bayarwa. Ɗaki ƙarami ba ya ɗaukar dawaki da fagen yaƙi, amma yana ɗaukar madafi, da tebur, da miji da mata suna gardama a kan kuɗin haya. A 1949 Gertrude Berg ta kawo shirinta The Goldbergs daga rediyo, labarin wani iyalin Yahudawa a gidan haya a Bronx. A 1953 Paddy Chayefsky, haifaffen Bronx, ya rubuta Marty, labarin wani mahauci tuzuru da ya fid da rai da samun mata. A 1954 aka nuna Twelve Angry Men, mutum goma sha biyu masu taimaka wa alƙali, kulle a ɗaki ɗaya suna jayayya a kan ran wani yaro. Daga 1955 zuwa 1956 Jackie Gleason, wanda ya tashi cikin talauci a Brooklyn, ya yi kashi 39 na The Honeymooners, inda ya fito a direban bas mai dogon buri da aljihu wayam. Masu rubutun nan ƴaƴan unguwannin ne, abin da suka sani suka rubuta.

Amma tun a lokacin akwai unguwar da ba a bar ta ta ba da labarinta da bakinta ba. Shirin Amos 'n' Andy, wanda CBS ta nuna daga 1951 zuwa 1953, an ce a Harlem yake, unguwar baƙar fata, amma a Kalifoniya ake ɗaukarsa, kuma turawa biyu ne suka ƙirƙiro shi tun a rediyo. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi ta ƙorafi cewa yana nuna su a matsayin wawaye da ƴan damfara. Duk da haka sai 1966 aka daina maimaita shi.

Yadda aka yi ƙaura

In za a nuna shiri guda a ce daga nan ƙaura ta soma, to I Love Lucy ne, wanda ya fara ranar 15 ga Oktoba, 1951. Labarin ma'aurata ne da ke zaune a wani bene a Manhattan. Kamfanin taba na Philip Morris, wanda ya ɗauki nauyin shirin, ya so a yi shi kai tsaye daga Niyok, domin mafi yawan masu kallo a gabashin ƙasar suke. Su kuwa taurarin, Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, sun ce ba su barin gidansu a Los Anjalis. Matsalar ita ce, in aka yi shi kai tsaye daga yamma, mutanen gabas sai dai su ga kwafin da aka ɗauka ta hanyar dasa kyamara a gaban allon talabijin, hoto dishi-dishi kamar an kalle shi ta cikin hazo.

Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki shirin a kan zaren fim irin na sinima, da kyamara uku a lokaci guda, a gaban ƴan kallo masu dariya ta gaske. Wannan ya fi tsada, don haka ma'auratan suka yarda a rage musu albashi, bisa sharaɗin cewa fim ɗin mallakarsu ne. Kowa ya ɗauka sun yi wauta. Ashe abin da aka ɗauka a fim ana iya sake nuna shi, a sayar wa wata tasha, a sayar wa wata ƙasa, shekara da shekaru. Bayan ƴan shekaru CBS ta saye kason da ta raina da miliyoyin daloli. Wani abin dariya kuma, lambar gidan da aka ba su a shirin, 623 a kan titi na 68 ta gabas, da za ka neme ta da ƙafa, cikin kogi za ka faɗa.

Daga nan hanya ta buɗe. A watan Satumba na 1951 aka haɗa gabas da yamma da layin watsa hoto. A 1952 CBS ta buɗe katafaren gininta na shirye-shirye a Los Anjalis. Manyan kamfanonin fim na Holiwud, waɗanda da farko suka ɗauki talabijin a matsayin kishiya, suka gane akwai riba: Disney ya shiga a 1954, Warner a 1955. Kalifoniya tana da fili mai faɗi, da rana kusan duk shekara, da ma'aikatan da suka goge, da titunan bogi da aka riga aka gina don fina-finai, fuskar gini ce kawai, bayanta sanduna. Kafin ƙarshen shekarun 1950 yawancin wasannin da ake nunawa da dare sun koma yamma. Aka bar wa Niyok labarai, da wasannin rana, da ofisoshin masu sa hannu a cek. A 1972 shirin hira na dare mafi shahara, The Tonight Show, shi ma ya tattara ya tafi, bai dawo ba sai 2014.

Waɗanda suka tsaya

Akwai ƴan tsiraru da suka ƙi tafiya, kuma a wurinsu ne ake ganin bambancin. Shirin ƴan sanda na Naked City, daga 1958 zuwa 1963, a kan titunan birnin ake ɗaukarsa, cikin sanyi da zafi. Yau in ka kalle shi, ko labarin bai ja ka ba, za ka ga tashar jiragen ruwa, da kasuwanni, da unguwannin da tuni aka rushe. Kyamarar da ta fita waje tana kama abin da ba a gayyata ba.

A 1963 CBS ta fito da East Side/West Side, inda George C. Scott ya fito a jami'in kula da walwalar marasa galihu, Cicely Tyson kuma, baƙar fata, ta fito a sakatariyar ofishinsa. Shirin ya shiga gidajen haya masu ɓeraye, ya yi maganar wariya da rashin aiki. Masu talla suka ja baya, wasu tashoshin kudancin ƙasar suka ƙi nuna wasu sassansa. Zango ɗaya ya yi aka rufe shi. Darasin da masu harkar suka ɗauka shi ne, ainihin birnin ba ya sayar da sabulu.

A 1966 magajin gari John Lindsay ya buɗe ofishi na musamman don masu ɗaukar fim. Kafin nan sai mutum ya yi ta yawo ofis-ofis yana neman izini. Lindsay ya mayar da shi takarda ɗaya, ya kuma ware ƴan sanda masu tare hanya. Fina-finan sinima sun amsa kiran da sauri, shirye-shiryen talabijin kuwa suka ɗauki lokaci.

Shirin da ya fi ba ni sha'awa a wannan zamanin na yara ne. Sesame Street ya fara ranar 10 ga Nuwamba, 1969. Masu shi sun yi shi ne don ƴaƴan talakawan birni, don haka maimakon lambu mai furanni sai suka gina titi irin na unguwar marasa ƙarfi: tsohon gida mai matakala a ƙofa, kantin kusurwa, garewanin shara, baƙi da farare suna zaune tare. Wannan cakuɗar ce ta sa a 1970 hukumar talabijin ta jihar Mississippi ta hana nuna shi na ɗan lokaci. Shi ma titin gini ne a cikin ɗaki, amma waɗanda suka gina shi sun leƙa taga kafin su ɗauki guduma. Reshensa ya iso Najeriya a 2011 da sunan Sesame Square.

Birni na ƙonewa, ana dariya a yamma

Shekarun 1970 sun yi wa Niyok tsanani. A 1975 saura ƙiris gwamnatin birnin ta kasa biyan bashinta, aka sallami dubban ma'aikata. Gidaje suka yi ta ƙonewa a kudancin Bronx. A watan Yuli na 1977 wuta ta ɗauke a birnin, aka kwana ana fasa kantuna. A daidai wannan lokacin ne talabijin ya cika da labaran Niyok: All in the Family a Queens, The Jeffersons da Taxi a Manhattan, Kojak ɗan sanda mai sanƙo, da Diff'rent Strokes, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Arnold et Willy, labarin yara biyu marayu daga Harlem da wani attajiri bature ya ɗauka. Waɗannan wasannin barkwanci duk a Los Anjalis ake yin su, shi ma Kojak mafi yawansa can ne. Akan turo ƴan ɗaukar hoto su ɗauko fuskar bene da gada, a manna a farkon shiri, shi ke nan.

Ba ina cewa duk abin da aka yi a yamma ƙarya ba ne. All in the Family ya fito da maganar wariyar launi a teburin cin abinci yadda ba a taɓa yi ba, The Jeffersons kuma ya yi shekara goma yana nuna baƙar fata mai dukiyar kansa. Amma a cikinsu birnin labari ne da wani ke shigowa da shi daga ƙofa. Ba a ganin layin masu neman aiki, ba a jin harsunan da ke tashi a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

A 1984 aka fara The Cosby Show, kuma tauraronsa ya dage sai a Niyok za a yi. An fara ɗauka a Brooklyn, daga baya aka koma tsohon gidan fim na Kaufman Astoria a Queens, wanda aka gina tun 1920, sojoji suka riƙe shi shekaru, sannan aka farfaɗo da shi. Shekara guda kafin nan an mayar da wani tsohon gidan burodi a Queens wurin ɗaukar shiri mai suna Silvercup. A hankali kayan aiki suka fara dawowa.

Shekarar 1994

Ina so mai karatu ya tsaya a wannan shekarar, don a cikinta ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ranar 22 ga Satumba, 1994, NBC ta fara nuna Friends, labarin samari da ƴan mata shida a Manhattan. Ya yi zango 10, kashi 236, kuma har yau ana koyon Turanci da shi a ƙasashe da yawa. A Burbank ta Kalifoniya aka ɗauke shi. Benen da ake nunawa daga waje yana nan a unguwar Greenwich Village, masu yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto a gabansa, amma labarin bai taɓa shiga cikinsa ba. Haka Seinfeld, wanda ya gudana daga 1989 zuwa 1998: fuskar gidan abincin ta Niyok ce, cikinsa na Los Anjalis.

Dukan taurarin Friends shida farare ne, haka kusan duk wanda suke hulɗa da shi, a birnin da ƙidayar 1990 ta nuna turawa tsantsa ba su kai rabin mazaunansa ba. Shekara guda kafin Friends, tashar Fox ta fara Living Single, shi ma labarin abokai shida, amma baƙar fata a Brooklyn, da Queen Latifah a gaba. Kamfani ɗaya ne ya yi su, Warner. Ɗaya ya zagaya duniya, ɗayan da wuya ka sami wanda ya san shi a wajen Amurka. A 2022 Marta Kauffman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Friends, ta fito ta ce abin yana ba ta kunya, ta kuma ba jami'ar Brandeis dala miliyan 4 don nazarin Afirka da baƙar fatar Amurka.

To, me ke faruwa a ainihin Manhattan a wannan kaka? A kan titi na 125 a Harlem, ɗaruruwan ƴan tireda sun shimfiɗa kaya a gefen hanya, da yawansu daga Afirka ta Yamma: Senegal, Mali, Gambiya, Nijar. Akwai Hausawa da Zabarmawa a cikinsu, suna sayar da atamfa, da jakunkuna, da huluna, da kaset. A watan Janairu na shekarar aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ya sa dalar da ɗan ci-rani ke aikowa gida ta ninka daraja, nauyin da ke kansa kuma ya ƙaru. A watan Oktoba, makonni kaɗan bayan fara Friends, magajin gari Rudolph Giuliani ya tura ƴan sanda suka tashe su daga titin. Aka mayar da su wani fili a titi na 116, ƙarƙashin kulawar masallacin Malcolm Shabazz, inda masu saye ba su kai na da ba. Wanda ya rubuta wannan tarihi ba marubucin talabijin ba ne. Paul Stoller ne, masanin al'adu da ya daɗe yana bincike a Nijar, a littafinsa Money Has No Smell na 2002. Tsakanin titi na 125 da unguwar da aka ce abokan nan shida suna shan gahawa, tafiyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce da ba ta kai awa ɗaya ba.

Kyamara ta dawo, amma a motar ƴan sanda

Shirin da ya dawo da aikin talabijin titunan Niyok da gaske shi ne Law & Order na Dick Wolf, wanda ya fara a watan Satumba na 1990. Tsarinsa ba ya canzawa: rabin farko ƴan sanda na bincike, rabi na biyu masu gabatar da ƙara na kotu. Ya yi zango 20 da kashi 456 kafin a dakatar da shi a 2010, ya dawo a 2022, ya kuma haifi rassa. Ya ciyar da ɗimbin ƴan wasan daɓe da direbobi da masu haɗa fitila. A cikinsa an ga birnin da gaske: mai sayar da jarida, mai gadin bene, direban tasi mai karin harshen wata ƙasa.

Sai dai ka lura da yadda ake ganinsu. Baƙo yakan fito na minti ɗaya, ɗan sanda ya yi masa tambaya, ya nuna hanya, a wuce. Ko shaida ne, ko wanda ake zargi, ko gawa. Ga kuma wani abu: a shekarar da shirin ya fara an kashe mutum 2,245 a birnin, adadi mafi yawa a tarihinsa, amma zuwa 2017 adadin ya sauko ƙasa da 300. A talabijin kuwa gawa ba ta ragu ba, domin kowane mako sai an samo wata. Mai kallo daga nesa ya tashi da Niyok biyu a kansa, na masu dariya a kan kujera mai laushi da na masu kisa a lungu, alhali yawancin mutanen birnin ba sa cikin ko ɗaya.

Ranar 4 ga Fabrairu, 1999, ƴan sanda huɗu cikin farin kaya suka harbi Amadou Diallo, matashi ɗan ƙasar Gini mai tireda a bakin titi, a ƙofar gidan da yake haya a Bronx. Harsashi 41 suka saki, 19 suka same shi. Ba ya ɗauke da makami, walat ɗinsa ya ciro. A shekarar 2000 kotu ta wanke su. Wanda ya shekara tara yana kallon birnin ta gilashin motar ƴan sanda, ya saba da cewa in sun zaro bindiga akwai dalili, zai sha wuya kafin ya fahimci wannan labari.

An ɗauki lokaci kafin a juya kyamarar. A 2019 Ava DuVernay ta yi When They See Us a Netflix, a kan yara biyar, baƙaƙe da ɗan asalin Latin Amurka, da aka ɗaure bisa zargin fyaɗe a lambun Central Park a 1989. An soke hukuncin a 2002 bayan mai laifin ya amsa, kuma a 2014 birnin ya biya su diyyar dala miliyan 41. Wannan karon daga ɗakin iyayen yaran ake kallon ƴan sanda. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, Yusef Salaam, an zaɓe shi kansila mai wakiltar Harlem a 2023.

Kuɗi ne ya tafi da su, kuɗi ne ya dawo da su

Harin 11 ga Satumba, 2001, ya taɓa talabijin ɗin birnin a jikinsa, domin eriyar yawancin tashoshi tana kan ɗaya daga cikin tagwayen benayen, kuma injiniyoyi shida da ke kula da ita sun mutu. Shirye-shirye irin su Sex and the City da The Sopranos suka cire hoton benayen daga mabuɗinsu. Bayan haka hukumomi suka tashi neman duk abin da zai dawo da aiki da baƙi.

A 2004 jihar Niyok ta fito da rangwamen haraji na kashi 10 cikin ɗari ga masu ɗaukar shiri a cikinta, birnin ya ƙara nasa kashi 5. A shekarar ce aka buɗe Steiner, babban wurin ɗaukar shiri a tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwan soja a Brooklyn. A 2008 jihar ta ɗaga rangwamen zuwa kashi 30, nan take shirin Ugly Betty, wanda labarinsa na Niyok ne amma ake yin sa a Los Anjalis, ya kwashe kaya ya dawo. Kalifoniya ta ji zafi, ta yi nata rangwamen a 2009. Abin da I Love Lucy ya fara a 1951 ya juya da baya, kuma dalilin bai canza ba: lissafi ne. A 2023 kuɗin da jihar ke warewa ya kai dala miliyan 700 a shekara, ana kuma ta muhawara ko aikin da ake samu ya kai abin da ake kashewa. Duk da haka wanda ya sami wuri mai arha yakan tafi. Shirin lauyoyi na Suits, wanda matasanmu da yawa suka kalla suna sha'awar ofisoshin Manhattan, a Toronto ta Kanada aka ɗauki kusan dukansa.

Abin da ya rage mana

Na ga ya dace mu san wannan tarihi domin hoton birni ba ya tsayawa a akwati. Yana shiga lissafin saurayin da ke tunanin sayar da gona ya nemi biza, yana shiga tsammanin iyalin da ke jiran aike a ƙarshen wata. Faffaɗan falon da ake gani a Friends an yi shi da faɗi ne don kyamarori su sami wurin juyawa, kuma bango uku gare shi, gefe na huɗu ƴan kallo ne ke zaune. Wanda ya auna rayuwar ɗan uwansa da ke ci-rani da wannan falo zai zarge shi da rowa ba da haƙƙinsa ba.

Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen Niyok a wata ƙasa aka haife su. A Bronx akwai masallatai da shagunan da ake ciniki da Hausa, na mutanen zangon Kumasi da Akara, da na Nijar, da na Najeriya. Suna tuƙa tasi, suna gadi, suna kula da tsofaffi, suna kai ƴaƴansu makarantar allo ranar Asabar. A cikin duk shirye-shiryen da na lissafa, daga 1949 zuwa yau, babu wanda ya zauna a ɗakinsu ko na kashi ɗaya. The Goldbergs da Marty sun samu ne domin ƴaƴan baƙin wancan zamani sun girma sun riƙe alƙalami, sun rubuta madafin iyayensu. Yaran da aka haifa wa ƴan tiredan titi na 125 a shekarar da aka tashe su, yanzu sun kai shekara talatin.